Pokémon GO Plus+: motsin katifa take aunawa, ba barcinka ba

Wannan na'ura ta fito a watan Yulin 2023, kusan lokaci ɗaya da Pokémon Sleep, wasan waya da ke auna barcin mai buga shi, a kan dala 54.99 a Amurka. Ɗan faifai ce ja da fari mai kamar ƙwallon da ake kama halittun wasan da shi, faɗinta kusan santimita 6 da rabi, nauyinta kusan giram 50. Maɓalli biyu gare ta, babba a tsakiya, ƙarami a gefen sama. Ana yi mata caji da USB-C, tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, kuma tana zuwa da zare mai ɗan matsi da ake maƙala wa matashin kai don kada ta faɗo cikin dare.

Aiki da ita ba wuya. Idan za ka kwanta, ka danne babban maɓallin har fitila ta yi shuɗi, ka ajiye ta a kan katifa kusa da matashi. Da safe ka sake dannewa. Fitila ta yi launuka daban-daban, an rubuta barcinka. Ta yi ja, daren ya tafi a banza. Daga nan ka buɗe wasan a waya, bayanan su wuce.

Abin da ke cikinta shi ne ma'aunin motsi, irin wanda ke juya allon waya. Ba ta jin bugun zuciya, ba ta taɓa fatarka, ba ta ɗaukar sauti kamar yadda wayar ke naɗar minshari. Girgizar katifa take karantawa, wasan kuma ya raba daren gida uku: gyangyaɗi, barci mai sauƙi, barci mai nauyi. Duk matsalarta daga nan take tasowa. Wanda ke kwana a kan tabarma ko siminti ko gado mai tauri, juyinsa ba ya isa gare ta, sai a rubuta masa barci mai nauyin da bai yi ba. Wanda ke kwana da mata ko jariri a katifa ɗaya, motsinsu ya shiga lissafinsa. Wanda ya kwanta shiru idonsa biyu yana tunanin bashi, ita dai a wurinta barci yake. Saboda haka kada wani ya ɗauki jadawalin da take fitarwa ya kai wa likita a matsayin hujja. Kayan wasa ce.

Amma a matsayin kayan wasa, an yi tunani wajen ƙera ta. Babbar rawar da take takawa ita ce 'yantar da waya. Ba tare da ita ba, dole ka bar wasan a buɗe, ka kifa wayar a kan katifa, a jone da caja har gari ya waye. Wayar ta yi zafi, in kuma aka ɗauke wuta batir ya sha wahala. Da wannan faifan, wayar na iya kwana a kashe a wani ɗaki.

Dokokin wasan ne suka ba ta ƙima. Babban mutum na samun maki 100 idan ya yi awa 8 da rabi. Ana ninka makin da ƙarfin Snorlax, wata ƙatuwar halittar wasan da kake ciyarwa a wannan mako, sakamakon ne ke ƙayyade yawan halittun da za su taru da safe. Barcin da bai kai minti 90 ba ba a ƙirga shi, kuma sau biyu kawai ake karɓa a yini. Mai tashi sallar asuba ya koma, gara ya bar ta tana aiki. Idan ya tsayar, awa ɗayan da zai ƙara bayan salla ba za ta shiga lissafi ba.

Akwai muryar Pikachu, wata halittar wasan, a cikinta da ke rera waƙar lallashi da dare, ya tashe ka da safe. Yara na so, mai kwana da mutane kuwa zai nemi yadda ake sa ta shiru tun daren farko, kuma akwai hanyar yin haka ta haɗa maɓallan biyu. Girgizarta ma tana da ƙarfi fiye da kima. Wanda ya haɗa ta da wasan yana samun wani Pikachu mai hular barci da ke taya shi tara abinci ba tare da ya cinye gurbi a cikin halittu biyar na tawagarsa ba.

Da rana tana yi wa masu Pokémon GO, wani wasan waya na kama halittu ana yawo, aiki: tana jefa ƙwallo da kanta, tana kwaso kaya a tashoshin wasan, wayar na aljihu. Wanda ke buga wasannin biyu, kuɗinsa ya biya. Wanda Pokémon Sleep kaɗai yake bugawa, ya duba hannunsa tukuna: tun watan Satumban 2024 wasan ke karɓar bayanan barci daga agogunan Apple Watch, Fitbit, Galaxy Watch da Pixel Watch, su kuwa a wuyan hannu suke kwana, babu ruwansu da taurin shimfiɗa ko juyin abokin kwana.