Na'urar neman ƙarfe mai shiga ruwa: wacce ta dace da tapkunanmu na Damagaram

Salam 'yan uwa, tunda ana ta tambayata kan aparai ɗin nan da nake yawo da shi bakin tapki, wasu har suna cewa wai zinariya nake haƙa a ɓoye, bari in faɗi abin da na gani game da shi da kuma sauran da na gwada a hannun abokai, don wanda zai saya kar ya zubar da kuɗinsa a banza.

Mu nan ai mun san na'urar neman ƙarfe ne ta hanyar Jado, tun 2014 da aka samu zinariya can da Cibarakaten samari suka yi ta tafiya, aka rufe Jado a 2017 wasu suka dawo da aparai ɗinsu gida suna ajiye a ɗaki. To shi yasa da ka ce na'ura sai tunanin kowa ya tafi wajen na'urorin neman zinariya irin su GPX ko Gold Monster. Amma waɗannan aikinsu daban ne, an yi su ne don sahara da duwatsu, Gold Monster 1000 misali farantinsa, wato zagayen da ke ƙasa da ake bin ƙasa da shi, na iya taɓa ruwa amma akwatin da ke sama inda maɓallai suke ba a yi shi don nutsewa ba. Abin da nake magana a kai shi ne wadda za ka shiga ruwa da ita har ƙirji kana neman zobe, ɗan kunne, awarwaro, tsofaffin kuɗi, makullin babur, wayar da ta faɗa, irin abubuwan da ke zubewa wurin wanki da wanka da mashayar dabbobi.

Wadda nake da ita Nokta Simplex+ ce, ta kamfanin Turkiyya, ta fito a 2019. Dukanta ke shiga ruwa tun daga faranti har kai, zurfin mita 3, kuma wannan shi ne abu na farko da za ka tsare mai kanti a kai kafin ma a yi maganar kuɗi. Don wallahi nan ake cutar mutane. Kusan kowace na'ura farantinta baya tsoron ruwa, sai ɗan kasuwa ya nuna ma hoton digon ruwa a kwali ya ce ai mai shiga ruwa ce Alhaji. Wani yaro ɗan unguwarmu haka aka yi masa da wata 'yar Sinuwa marar suna, santsi ya kwashe shi a laka kan ya nutse sau ɗaya shikenan ekiran ya yi hazo ya mutu, mai kantin kuma ya ce shi faranti ya ce ba kai ba. Ko a manyan kamfanoni akwai wannan bambanci kuma su basu ɓoye ba, Minelab Vanquish na farko (340, 440 da 540) farantinsa na shiga ruwa har mita 1 amma kansa a'a, a rubuce yake a takardarsu. Ka nemi a nuna ma inda aka rubuta IP68, wato alamar tana jure nutsewa a ruwa, da adadin mita, in IP54 ka gani to yayyafi da ƙura kawai take jurewa.

Simplex ɗin nauyinta kilo 1.3 ne, faranti inci 11, tana aiki da mita guda, mitar siginar da take aikawa ƙasa ba mitan awo ba, wato kilohaz 12, tana nuna lamba daga 0 zuwa 99 gwargwadon irin ƙarfen da ke ƙasa. Baƙin ƙarfe kamar ƙusa da waya lambarsu ƙasa take kuma kukan mai kauri ne, tagulla da azurfa can sama da kuka siriri, ita kuwa zinariya tana tsakiya ne tare da dalma da gwangwanin lemo da marfin kwalba da ledar magani mai ƙyalli, kuma wannan babu aparai ɗin duniya da ya gama warware shi komai tsadarsa. Duk wanda ya ce ma tasa na'urar zinariya kaɗai take yi wa kuka, ka riƙe kuɗinka. In kana son zobe sai ka yarda ka tono marfin kwalba har ka gaji, ni dai buhun shara na fi cikawa fiye da aljihu, kuma ina kwashe ta in tafi da ita don kar gobe in sake tono ta.

Abin da ya fi birge ni da ita shi ne girgiza, hannunta na kaɗawa kamar salula in ta samu ƙarfe. A tudu ba ka damu da wannan ba amma da ka nutsa kan cikin ruwa lasifikar ba a jinta sosai, kuma ekutar marar waya ta daina aiki, don siginar bata ratsa ruwa, wannan ko wace na'ura ce haka take ba laifin kamfani ba ne. Sai dai ka sayi ekutar mai waya da aka yi don ruwa ko ka dogara da girgizar. Ruwan tapkinmu kuma ai kun san shi, ja ne ko kore, da ka sa hannu kamu ɗaya ba ka ganin yatsunka bare ekiran, saboda haka girgizar ce idonka. Akwai 'yar tocila a jiki ma, bana amfani da ita sosai sai in magariba ta riske ni.

Yanzu maganar ƙasa, wadda ita ce ba za ka ji a bidiyon turawa ba don su yashin bakin teku suke nunawa. Mu muna da marmara da jar ƙasa mai ƙarfe a ciki, ga tsakuwar dutse irin ta kewayen Birni, na'ura in ba ka daidaita ta da ƙasar wurin ba sai ta dinga ƙara ba gaira ba dalili ka yi ta tono babu komai. Simplex tana da wannan daidaitawar, ka danna maɓalli ka dinga ɗaga faranti kana saukewa a wurin da ba ƙarfe har ta yi shiru, kuma duk sanda ka canza wuri, daga yashi ka koma laka ko daga tudu ka shiga ruwa, sai ka sake. Mafi yawan masu cewa aparai ɗinsu ya lalace wannan ne basu yi ba. Arha marasa suna kuwa da yawansu ma basu da maɓallin, an daidaita su tun masana'anta da ƙasar da ba tamu ba.

Sai kanwa. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki shi yasa na'ura mai mita guda take ganinsa kamar wani ƙaton ƙarfe, kuma kanwa ma haka take yi, to mu bamu da teku amma muna da kwari da tapkuna masu kanwa musamman in ka nausa gabas wajen Gidimuni da Gure, bakin da ya yi fari fat lokacin rani. A irin wurin nan Simplex sai na maida ta tsarin bakin teku na rage mata ƙarfin ji sannan take natsuwa, kuma rage ƙarfi na nufin rage zurfi, ƙaramin ɗan kunne zai iya wuce ka. A ruwan daɗi kamar kududdufan damina da koramun kudu wajen Matamai da Magarya kuwa babu wannan matsala, tana tafiya lafiya lau, dala biyar ko dala ashirin tana jinsu daga kusan kamu ɗaya a ƙasa mai kyau. Kamu ɗaya fa na ce, ba gaba biyu ba kamar yadda masu talla ke faɗa, abu babba kamar tukunyar ƙarfe shi ne ake ji daga nesa fiye da haka.

A wurin kanwar ne Minelab Equinox 800 ta fi Simplex, ta Ostireliya ce ta fito a 2018, ita tana aika mitoci da yawa lokaci guda sai ta ware kukan gishiri daga na ƙarfe. Na riƙe ta wani abokina direban babbar mota da ke zuwa Kwatano da Lome, shi dama don bakin teku ya saye ta, muka gwada su gefe da gefe a bakin tapki mai kanwa, tawa na ta surutu tasa shiru sai in da abu. Ita ma mita 3 take shiga, sababbin 700 da 900 kuma mita 5, kuma 800 ɗin tana da tsarin neman zinariyar ƙasa har kilohaz 40. Amma kuɗinta da ta fito dalar Amurka 899 ne, kusan ninki uku na Simplex, kafin kuɗin jirgi da na duwan. A ganina in kai mai zuwa teku ne akai akai ko wurin aikinka duk kanwa ne to ka daure ka tara, in kuwa nan kusa za ka dinga zagayawa, Mirya da kewaye, wannan ƙarin kuɗin gara ka sayi sauran kayan aiki da shi ka zuba mai a babur.

Garrett AT Pro ta Amurka ita ma mita 3 ce, kilohaz 15, tsohuwar hannu ce amma tana da abu ɗaya da ya dace da mu, pil guda 4 irin na tocila take ci, ka saya a kowane tebur. Simplex da Equinox batirinsu a ciki yake sai caji da USB, yana kai awa 12 haka, kuma kun san halin kuran a garin nan lokacin zafi. Ni fawa bank nake tafiya da ita, dare kuma in haɗa da fanno. Kar dai ka bar ta cikin mota rufe ko a rana tsaka a watan Afrilu da Mayu, batirin litiyom baya son zafi, kuma na'ura mai zafi ka tsoma ta ruwan sanyi kai tsaye robobin da ke tare ruwa suna wahala, ka bari ta huce a inuwa tukuna.

Akwai kuma na masu ninƙaya can ƙasa, Excalibur II da Garrett Sea Hunter da ke kai mita 60, XP Deus II ta Faransa mita 20. Waɗannan dai ban ga me za mu yi da su ba, wane tapki gare mu mai mita 20, kuma Sea Hunter irin mai bugun lantarki ce wadda gishiri baya damunta amma bata iya ware ƙusa da zobe sosai, a mashayar da ta cika da guntun ƙarfe sai ka wuni kana tono waya.

Abin da ba a faɗa ma a kanti shi ne aparai rabin aiki ne. A cikin ruwa rami baya tsayawa, kana tono laka na komawa, saboda haka dole sai da babban cokali mai huji huji da doguwar ƙota da za ka taka da ƙafa ka ɗebo. Na waje tsada gare shi, ni mai walda na kai wa hoto ya yi min da ƙarfen da baya tsatsa, hujin kar ya wuce yadda ɗan kunne zai zurare, muka manna maganaɗisu a ciki yana kama ƙusoshi. Sai ƙaramar na'urar hannu mai kama da tocila da ake lalubawa da ita cikin laka, ita ma ka tabbata mai shiga ruwa ce. Sai takalmin roba dogo da safar hannu, ba don gayu ba, fasassun kwalabe da ƙugiyar masunta na nan, ga tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ke kwance inda dodon koɗi yake, ta fata take shiga ba sai ka sha ba, wanda ya ga jini a fitsari ya tafi likita a bashi magani kar ya tsaya. Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka zuwa rani da ruwa ke ja da baya, inda mutane suka yi wanka da wanki a damina ya zama tudu ko ruwa iya gwiwa.

Kuma don Allah a dinga sallama. Kowane tapki da masu shi, ka je wajen mai gari ko sarkin ruwa ka ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo ni, ka nuna musu yadda take aiki, in ba haka ba za a ɗauke ka mai haƙar ma'adini ko mai binne wani abu, kuma a yanayin tsaron da ake ciki mutum da na'ura a daji sai jandarma sun tambaye shi, ka riƙe rasit da katinka. Lasuri da Gidimuni suna cikin jerin wuraren ruwa da ake karewa na Ramsar, ba wurin tono barkatai ba ne. Kufai da tsofaffin kaburbura kuwa a bar su, dokar kayan tarihi ta 1997 ta hana haƙa ba izini. Abin da ka tsinta mai alama kuma tsintuwa ce, ka yi cigiya, ni sau da yawa ma matan da ke wanki su ke nuna min inda abu ya faɗi, in na samo a bani tukwici ko a sa min albarka.

Wajen saye, jabu sun yi yawa tun zamanin Jado, kwali iri ɗaya tambari iri ɗaya, ciki kuwa ba komai. In ka ga Equinox da kuɗin Simplex ka san da walakin. Ka nemi lambar jikinta ka tura wa kamfanin ko wakilinsu su tabbatar, ka karɓi takardar garanti, ka tafi da dala biyar da ƙusa da zoben azurfa a aljihu ka gwada a gaban mai kanti kowanne ya ba da lamba da kuka daban. In ta hannu ce ka duba marfin wurin caji da robar da ke ciki ko ta tsage, ka duba ekiran ko akwai alamar hazo, sannan ka ce a kawo bokitin ruwa a tsoma kan a gabanka kafin ka ƙirga ko jika ɗaya, in ya fara kame kame ka kama gabanka. Bayan kowace fita kuma ka ɗauraye ta da ruwan pampo, ka cire murfin faranti ka zubar da yashin da ya maƙale, ka bari wurin cajin ya bushe sarai kafin ka sa waya.