Sharhi Kan Ƙaramar Na'urar Auna Shan Haske Ta Ajin Kimiyyar Sinadarai

Na yi amfani da ƙaramar sifekturofotomita ta kan tebur, wato na'urar auna yawan hasken da haɗin ruwa ke sha, mai hanyar haske guda, wajen koya wa ɗaliban sakandare gano yawan sinadarin da ke narke a cikin ruwa. Ta cancanci a saye ta, in dai malami ya san inda take da rauni.

Aikinta a kan dokar Beer-Lambert yake: gwargwadon kaurin haɗi, gwargwadon hasken da zai sha, muddin ba a canza faɗin kubet ba, wato ɗan bututun nan mai kusurwa huɗu na santimita 1 da ake zuba haɗin a ciki. Kofa salfet mai shuɗi ya fi dacewa da gwajin farko. A narkar da giram 9.99 a tataccen ruwa, a cika zuwa mililita 100, ya ba da mol 0.40 a lita. Daga nan a ɗebi mililita 2, 4, 6 da 8, a cika kowanne zuwa 10. An samu 0.08, 0.16, 0.24 da 0.32, ga kuma na asali. Idan aka jera su a kan farar takarda, shuɗin yana ƙara duhu daki-daki, ɗalibi ya gani da idonsa kafin na'ura ta ce komai.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne zaɓen tsawon zangon haske. Kofa salfet ya fi shan haske a kusan nanomita 800, sai ɗalibi ya ɗauka can ya kamata a saita. A kaurin 0.40 kuwa lambar shan hasken da na'urar ke nunawa za ta haura 2 nesa, alhali a 2 ɗin ma kashi 1 cikin 100 na hasken kaɗai ke wucewa. Na'urar ba ta iya karanta hasken da ya yi ƙaranci haka, sai layin jadawalin shan haske da kauri ya lanƙwashe daga sama. A saita a 635, ko a ƙara tsinka haɗin, lambobi su zauna tsakanin 0.1 da 1.0. A nan ne take ba da miƙaƙƙen layi, kuma na yaba mata ƙwarai.

Aibinta uku. Tana buƙatar kamar minti 15 ta ɗumama, in ba haka ba lamba ta yi ta yawo. Sannan duk lokacin da aka canza zango sai an sake mayar da ita sifili da kubet na tataccen ruwa, ba ta kuma tunatar da kowa. Kubet ɗin roba da ta zo da su ma saurin karcewa suke yi.

Sauran kurakuran daga hannu suke. Shatin yatsa a ɓangaren da haske ke bi yana ƙara lamba, haka ƴan kumfar iska da ke manne a jikin kubet. A riƙe ta ta gefen da ba ya sheƙi, a goge, a ɗan ƙwanƙwasa. Ruwan famfo kan sa haɗin ya yi hazo, hasken ya warwatsu. A wanke kubet da ɗan haɗin da za a auna, a fara da mafi tsinkewa, a rufe murfi kafin a karanta. Haɗin da ba a san kaurinsa ba, idan ya wuce na 0.40, a tsinka shi ninki biyu, a auna, a ninka amsar.