Taswirar Watts ko ma'aunin LRO: wanne za ka ɗora a kan hotonka na husufi?

Malam, ka ce kana da hotunan husufin ranar 29 ga Maris 2006 da ka ɗauka a Katsina, ga ɗigogin haske jere a bakin wata kamar 'ya'yan carbi gab da duhu ya rufe, kana kuma son sanin ta wane kwarin wata kowane ɗigo ya ɓullo. Ka ji ana ambaton taswirar Watts, ana ambaton Kaguya da LRO, kumbunan da suka auna wata, ka rasa wanda za ka kama. Ka kama LRO. Amma bari in gaya maka inda suka bambanta, don ba a nan wahalarka take ba.

Watts tsohon aiki ne. Chester Watts na cibiyar nazarin taurari ta sojojin ruwan Amurka ya fitar da shi a 1963, taswira 1,800, bayan ya shafe shekaru yana auna hotunan wata da aka ɗauka daga nan ƙasa. Dalilin yawansu shi ne wata yana rangaji: yana ɗan juyo mana gabas ko yamma har kusan digiri 8, arewa ko kudu kusan digiri 7, saboda haka tsaunukan da ke bakinsa yau ba su ne za su tsaya a can wani husufin ba. Fiye da shekara arba'in da wannan taswira aka yi ta lissafin husufi, har da naka na 2006. Aibinta biyu. Da'irar da ya auna tsayi daga gare ta ba ta zauna daidai a tsakiyar nauyin wata ba, sai an yi mata gyara. Sannan a wasu wurare, musamman wajen ƙuryar arewa da ta kudu, akwai kwarin da ta cike da tsaunin da ta rage wa tsayi.

Kaguya kumbon Japan ne, an harba shi a 2007; LRO na NASA ne, ya tashi a 2009. Dukansu sun kewaya wata suna harba masa hasken leza suna auna lokacin dawowarsa, LRO ya tara ma'auni biliyoyi. Nan ba zana baki ɗaya aka yi ba, an samu siffar wata gaba ɗaya, sai kwamfuta ta lissafa yadda bakinsa yake daga daidai inda ka tsaya, a daidai sakan ɗin. Cewa hotonka ya girmi kumbunan biyu ba komai ba ne, tsaunukan ba su motsa ba. Manhajar Occult ta Dave Herald da Solar Eclipse Maestro ta Xavier Jubier duk suna fitar da wannan zane.

To, duba hotonka da kyau. Faɗin wata kilomita 3,475 ne. Idan ya cika ɗigon hoto 1,000 daga gefe zuwa gefe, kowane ɗigon hoto ya haɗiye kilomita uku da rabi ke nan. Tsaunuka da kwarurrukan bakin wata kuwa galibi 'yan kilomitoci ne sama ko ƙasa, wato ɗigon hoto ɗaya ko biyu. Haƙoran nan da kake gani a zane an ninka musu tsayi sau da yawa don ido ya gan su. Kada ka nemi tsauni a hotonka, ba za ka gan shi ba. Abin da kake da shi haske ne: a wace kusurwa ya fito, wanne ya riga wanne mutuwa. A wannan mataki Watts ma zai nuna maka manyan kwarurrukan. A ƙananan ɗigogi da jerin mutuwarsu ne LRO ke yi masa nisa.

Inda na fi ganin mutane na tuntuɓe shi ne juya hoto. Arewa uku ce a wannan aiki: saman hotonka, arewar sararin sama, da arewar wata kansa. Kusurwar Watts, wato kusurwar da ake faɗin wuri a bakin wata da ita, daga ƙuryar arewar wata take farawa, tana iya kaucewa arewar sama da fiye da digiri 20. Ka sa ɗaya a gurbin ɗaya, duk ɗigoginka sun sauka a kan tsaunuka, ka fara zagin taswira. Dabara mai sauƙi: jajayen harsunan wutar nan da ke bakin rana lokacin duhu. Nemi wani hoton wannan husufin wanda aka san arewarsa, ka juya naka har harsunan su hau kan juna.

Sai agogo. Wata yana cin fuskar rana da kusan rabin daƙiƙar kusurwa (daƙiƙa guda kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri) a kowane sakan, kusan kilomita guda na ƙasar wata. Agogon kamara da ya yi kuskuren sakan biyar ya shafe maka kwari sukutum, kuma wa ya saita agogon kamararsa da GPS a 2006? Abin da zai cece ka shi ne tazarar da ke tsakanin hotuna, ita ba ta ƙarya. Samo hoton da ɗigon ƙarshe ya mutu, ka ɗaure shi da lokacin da manhaja ta ba da, ka ƙirga baya.

Idan ka ga ɗigo ya daɗe fiye da yadda lissafi ya ce, kada ka yi saurin ɗora wa LRO laifi. Yawancin lissafi na amfani da rabin faɗin rana na daƙiƙar kusurwa 959.63, adadin da ke yawo tun 1891, masu auna husufi na baya-bayan nan kuwa suna samun kusan 959.95. Haka kuma hoton da haske ya yi wa yawa yana narkar da ɗigo uku su zama dunƙule ɗaya.

Turo mana hotunan na asali, ba waɗanda WhatsApp ya matse ba, ka kuma faɗi unguwar da ka tsaya. A tsakiyar hanyar inuwa kuskuren kilomita ɗaya ba zai ɓata lissafi sosai ba, amma ina son in tabbatar kafin in saka wurin a manhaja.