CLA assistant wajen sauya lasisin shafin manhaja: yana tara sa hannu, amma ba ya nemo mutane

Duk wanda ya taɓa rubuta ko sakin layi ɗaya a shafin wata manhajar sa-kai, haƙƙin wannan rubutu na hannunsa, sai fa idan ya miƙa shi a rubuce. Shi ya sa mayar da shafin ƙarƙashin wani lasisi (sharuɗɗan da suka ba jama'a izinin amfani da rubutun), a ce CC BY-SA 4.0 na Creative Commons, yawanci yake buƙatar yardar duk wanda ya yi rubutu a ciki. CLA assistant, kayan aikin tara sa hannun masu gudummawa a kan takardar yarjejeniyar lasisi (CLA), wanda kamfanin SAP ya samar kuma ake amfani da shi kyauta, na cikin abubuwan da ake ɗauka don wannan aiki.

Kafa shi ba wuya. A rubuta takardar yarjejeniyar a Gist, wato wurin ajiye gajeren rubutu na GitHub (dandalin da ake ajiye ayyukan manhaja), a shiga CLA assistant da asusun GitHub, a haɗa takardar da ma'ajiyar shafin. Daga nan duk wanda ya turo gyara sai an nuna masa ita, kuma akwai adireshin sa hannu da za a iya aika wa mutum kai tsaye. Yana adana sunan asusu da ranar da aka amince, ana kuma iya sauke jerin. A nan kam ya cancanci yabo, don ya fi tonon tsofaffin saƙonnin imel nesa ba kusa ba.

Sai dai a tace takardar tun farko. Ta faɗi sunan lasisin da lambarsa, ta kuma fito fili cewa yardar ta shafi gudummawar da aka bayar a baya, ba ta gaba kaɗai ba. Idan aka gyara Gist ɗin daga baya, ya zama sabon bugu, sai an sake bin mutane su sa hannu.

Babban raunin shi ne bai san waɗanda suka daina zuwa ba, alhali su ne asalin matsalar. Jerinsu da hannu ake fitarwa: umarnin `git shortlog -sne` zai kawo sunaye da adireshi daga tarihin ma'ajiyar, fayil ɗin `.mailmap` ya haɗe mutum ɗaya mai imel uku. Kada a dogara da `git blame` kaɗai, domin wanda ya taɓa layi a ƙarshe yake nunawa, ko da waƙafi ya gyara. Masu fassara da masu hotuna da masu rubutu waɗanda wani ya shigar musu da aikinsu ba sa ma fitowa a jerin, kuma wanda ba shi da asusun GitHub ba zai iya sa hannu a nan ba. Nasa sai ta imel, a adana amsar.

Shiru ba yarda ba ne. Wanda ya ƙi, ko aka rasa shi, a cire rubutunsa a sake sabo daga tushe, ba a sauya kalma biyu-uku ba. Haka OpenStreetMap, taswirar duniya ta 'yan sa-kai, ta yi a 2012 da ta koma lasisin ODbL: ta goge bayanan waɗanda ba su amince ba. Wanda kuma ya yi rubutun a bakin aikin kamfani, a tambaye shi ko haƙƙin na kamfanin ne, don in haka ne sa hannunsa shi kaɗai bai wadatar ba.