Harawa, dusa ko angurya: me za ka saya wa ragonka?

Kafin ka kai hannu aljihu, tsaya ka kalli ragon da yamma. Idan ya kwanta yana tuƙa a natse, tumbinsa lafiya lau. Idan kuwa ya ware gefe, ya sunkuyar da kai, yana cizon haƙora ko yana shurin cikinsa da ƙafar baya, ba halinsa ne ya canza ba, ciki ne ke damunsa.

Ni dai harawa nake fara saye, ko da damin ya yi tsada. Ita ce ke sa rago tauna, taunar ta kawo yawu, yawun kuma ya rage tsamin da ke taruwa a tumbi. Zaɓi mai ganye, wadda korenta bai gushe ba. Ka buɗe tsakiyar damin ka shinshina; in ka ji warin ruma, bar wa mai ita kayansa. Kowar wake ma ba ta da laifi.

Dusa ce ke ruɗar mutane, don tana sa ƙiba da wuri. Na taɓa cika wa wani rago kwano da dusa haɗe da tsakin masara rana guda, saboda Sallah ta matso. Washegari ya ƙi abinci, ga zawo, ga ɗingishi, rago mai tunkuyi ya koma kamar tinkiya. Ƙananan halittun da ke narka abinci a tumbi ba sa son sauyi na gaggawa, sai a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin kwana 10 zuwa 14. Dusar alkama kuma, idan ta yi yawa babu isasshen ruwa, tana kawo wa rago tsakuwar mafitsara. Za ka ga yana yunƙuri, fitsari na ɗiga da ƙyar. Wannan sai likitan dabbobi, kuma a ranar.

Angurya tana gina jiki, amma ƙari ce, kuma ba ta dace da ƙananan 'yan raguna ba.

Ragon da ke lasar bango ko cin leda, yawanci gishiri ko harawa ya rasa. Wasu kanwa suke jiƙa masa. In gishirin lasa za ka saya, tambayi mai shago na tumaki ne ko na shanu, domin na shanu kan zo da sinadarin jan ƙarfe (copper) mai yawa, wanda ke taruwa a hantar tumaki har ya kashe su.