Ƙarin garanti a kan na'urar gem: ban saya ba, ga dalilina

Duk wanda ya taɓa sayen PS5 ko Xbox a manyan shagunan kayan lantarki na nan Ingila ya san tambayar da ake jefo masa kafin a miƙo rasit: za ka ƙara garanti? Mai kanta zai ce kuɗin ba wani yawa ba ne, za a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan a wata, idan na'urar ta lalace su gyara ko su musanya. Ni da na je saya wa yarana, sai na ce ya ba ni takardar sharuɗɗan in karanta a gida tukuna. Fuskarsa ta ɗan canja, amma ya ba ni.

Abu na farko da takardar ba ta fito da shi fili ba shi ne, shekarar farko ka riga ka biya ta. Sony na ba PS5 garantin wata 12, Microsoft ma shekara guda yake ba Xbox, Nintendo kuwa a Turai wata 24 yake ba Switch. To idan an ce maka ƙarin garantin PS5 ko Xbox na shekara uku ne daga ranar saye, ka cire ɗaya, biyu kake saya.

Waɗannan biyun ma doka ta riga ta tsaya maka a kansu. Akwai dokar haƙƙin masu saye ta 2015. A ƙarƙashinta, kaya ya zo da aibi cikin kwana 30, ka mayar a ba ka kuɗinka cas. Cikin wata shida na farko, shago ne zai kawo hujjar cewa lafiya lau ya sayar maka, ba kai ba. Bayan nan nauyin hujja ya dawo kanka, amma ƙofar neman haƙƙi a buɗe take har shekara shida a Ingila da Wales, biyar a Scotland. Gaskiya akwai wahala, domin shago na iya cewa ka kawo rahoton mai gyara, kuma ba kowa ke da juriyar wannan zirga-zirga ba. Wannan juriyar ce suke sayar maka da sunan garanti. Wanda ya biya da katin bashi kuma, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya sa kamfanin katin ya zama abokin tarayya a alhaki, matuƙar kayan ya haura fam 100.

Sai batun irin lalacewar da ake tsoro. Masu shekaru irin nawa sun tuna Xbox 360 da jajayen fitilunta uku da ke kunnuwa a kewayen maɓalli, na'ura ta mutu murus. Me ya faru? A Yulin 2007 Microsoft ya tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara uku, kyauta, ya ware sama da dala biliyan ɗaya domin gyare-gyare. Wanda ya sayi ƙarin garanti da wanda bai saya ba, layi ɗaya suka bi. Haka aka yi da hannun Switch da ake riƙewa a buga wasa, wato Joy-Con, da ke tafiya da kansa ba a taɓa shi ba. A 2023 Nintendo ya sanar cewa zai riƙa gyara wannan matsala kyauta a Birtaniya da ƙasashen Turai ko da garanti ya ƙare. Idan aibin na masana'anta ne kuma ya game gari, surutun jama'a kan tilasta wa kamfani ya ɗauki nauyi.

A gidana kuwa, ba uwar na'urar ce ke ba ni ciwon kai ba, hannun ne. Sandar hagu ta fara karkata, ɗan wasa na gudu gefe shi kaɗai, ƙaramin ya rantse ba shi ya yar ba, babban ya ce a gabansa aka yi. Takardar da aka ba ni ta ware hannun gefe, sai an sake biyan wani kuɗi daban. Wato abin da ya fi saurin mutuwa shi ne ba ya ciki.

Inda na ga amfaninsa guda ne: idan sharuɗɗan sun haɗa da haɗari, kamar faɗuwa ko zubar ruwa. Garantin kamfani ba ruwansa da yaron da ya tuntsure kofin shayi a kan na'ura, ko ya yi tuntuɓe da waya ya fizge ramin HDMI, inda ake jona wayar talabijin. Mai Switch da yara ke yawo da ita daga ɗaki zuwa mota, ba zan ce masa ya yi wauta ba idan ya saya. Amma ya duba ko inshorar kayan gidansa ta riga ta ɗauki wannan, kada ya biya sau biyu. PS5 da ke zaune a ƙarƙashin talabijin ba ta zuwa ko'ina, ba ta buƙata.

Ga 'yan uwa masu saye a nan su kai gida tsaraba, ku karanta layin da ya faɗi ƙasar da garantin ke aiki. Tawa takardar cewa ta yi cikin Birtaniya kawai. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi a Kano ta ƙone na'urar, ba wanda zai amsa maka waya daga nan, kuma kuɗin aiko ta ya isa ya sa ka haƙura. Gara a sa kuɗin a sitabilaiza mai kyau, a ɗaga na'urar daga ƙasa saboda ƙurar hunturu, a bar mata sarari ta baya fanka ta sha iska.

Kuɗin da zan ba mai kanta na ajiye shi gefe. Da shi na sayi sabon hannu da tsohon ya gagara, rasit ɗin na'urar kuma na ɗauke shi hoto a waya, don tawadarsa ba ta daɗewa take gogewa.