Manhajar Merlin a gaɓar Bahar Maliya: inda take da amfani da inda take gazawa a lokacin ƙauran tsuntsaye

Bahaushe ya san shamuwa da zuwa gabanin damina da tafiya idan ruwa ya ɗauke. Irin wannan ƙaura ce ake gani a gaɓar Bahar Maliya duk kaka, sai dai a nan tsuntsayen daga Turai da tsakiyar Asiya suke gangarowa su nufi Afirka. Mazauna Jidda da Makka da ke son fita kallonsu kan tambayi wace manhaja za su sa a waya, kuma amsar da aka fi bayarwa ita ce Merlin Bird ID. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Amurka ce ta fito da ita a 2014, kyauta ce, ba talla a ciki, adireshin imel kawai take nema. Ra'ayinmu a kanta shi ne: wajen shirya tafiya da gane tsuntsun da ke kusa ta yi matuƙar kyau, amma a kan ƙananan tsuntsayen taɓo masu ruwan toka, waɗanda su ne rabin abin da ake zuwa gani a bakin teku, ba a dogara da ita ita kaɗai.

A gida ake fara aiki da ita, kwana ɗaya ko biyu kafin fita. Bayan an sauke ta, za ta nuna kunshin tsuntsayen yankin da mutum yake. A sauke shi gaba ɗaya ta intanet ɗin gida, domin yana da nauyi, kuma kudu da Jidda akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa da zarar an bar kwalta. Sai a shiga sashen da ke jera tsuntsayen da ake sa ran gani, a saka wuri da rana. Wannan jerin daga eBird yake fitowa, wato rumbun da cibiyar ta buɗe a 2002 inda masu kallo ke shigar da abin da suka gani. Kowane tsuntsu yana da ɗan zane mai nuna watannin da ya fi yawa, kuma da shi ake zaɓen mako. Tsuntsayen taɓo tun Agusta suke fara sauka, su cika a Satumba. Rahu, wato ɗan'uwan gauraka mai ruwan toka da baƙin wuya, yana ratsa samaniyar yankin Jidda garke-garke daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba a hanyarsa ta zuwa Sudan, kuma sau da yawa kukansa ake fara ji kafin a ɗaga kai a gan shi. Warwar mai cin ƙudan zuma da tsattsewa da salwa su ma na Satumba ne. Manyan masu farauta irin su gaggafar jeji sai Oktoba, suna bin duwatsun yamma zuwa mashigin Babul Mandab inda teku ya fi ƙunci su tsallaka.

Akwai abin lura a nan. Jerin yana da kauri ne gwargwadon yawan masu shigar da bayani. A kewayen Jidda da Suwal da Yanbu ba laifi, amma tsakanin garuruwan Lis da Ƙunfuza da ke kudu da Jidda masu kallo ba su da yawa, don haka rashin ganin sunan tsuntsu a jerin ba ya nufin ba ya zuwa wurin. Ƙasar Saudiyya an ƙidaya mata sama da nau'i 500, kuma akasarinsu masu wucewa ne ko masu zuwa hunturu.

Hanya uku manhajar ke gane tsuntsu. Ta farko tambayoyi biyar ce: a ina, yaushe, girmansa, launinsa har guda uku, da abin da yake yi. A cikin lambu ko bakin gona tana taimakawa. A bakin teku kuwa kusan kowa amsarsa ɗaya ce, fari da toka da ruwan ƙasa, yana tafiya cikin ruwa, sai ta jero wa mutum tsuntsaye rututu. Wannan hanya ba mu ba ta muhimmanci a nan ba.

Ta biyu, ganewa ta hoto, ita ce ƙarfin Merlin, kuma tana aiki ko babu intanet. Ana zaɓar hoton, a jawo shi har tsuntsun ya cika akwatin da ke fuskar waya, a tabbatar da wuri da rana, sai ta kawo amsa. Tabbatar da wurin nan ba ƙaramin abu ba ne. Hoton da aka turo ta WhatsApp ya riga ya rasa bayanin inda aka ɗauke shi, in ba a saka da hannu ba tana iya kawo tsuntsun da bai taɓa taka Jaziratul Arab ba. Idan hoto ya fito sosai, hankur ba ya ba ta wahala ko kaɗan. Tsuntsu ne fari da baƙi mai dogayen ƙafafu shuɗi-shuɗi da kakkauran baki baƙi ƙirin, wanda yake kama ƙaguwa ya buga ta da ƙasa ya fasa, kuma rami yake haƙawa cikin yashin tsibirai ya yi ƙwai. Haka nuham, wato flamingo mai ruwan hoda, da kwasakwasa, da shahon kifi da ke zama kan turaku, duk nan take take faɗin sunansu.

Matsalar tana farawa ne daga nisa. Tsuntsun taɓo ba ya bari a matso shi, ƙasa da taku hamsin ya tashi, kyamarar waya kuwa a wannan nisa ɗigo kawai take ɗauka. Dabarar da ke aiki ita ce a ɗora idon kyamarar a bakin madubin hangen nesa, wanda mutanen nan ke kira darbil, a jingina gwiwar hannu a tagar mota don kada ya yi rawa, a ɗauki hoto biyar ko shida a jere a zaɓi mafi kyau. Darbil mai lamba 8x42 ya isa, mai 10x42 ya fi jawowa amma ya fi nuna rawar hannu. Ko da haka akwai waɗanda take rikitawa. Zalɓen teku yana da baƙi yana da fari, kuma farin nasa manhajar kan ɗauke shi a matsayin ƙaramin farin zalɓen da aka saba gani a fadama. Sai an duba baki, na teku ya fi kauri, ya ɗan lanƙwasa, ba baƙi wuluk ba ne. Akwai kuma wasu 'yan tsuntsayen yashi biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara, babba da ƙarami. Babban ya fi tsawon baki da tsawon ƙafa, ƙafar tasa kuma ta fi haske. A kaka duk sun zubar da adon lokacin aure, sun koma launin yashi, hoto mai hazo ba ya raba su. Ƙaramin ma a 2023 aka raba shi gida biyu a jerin eBird, na Tibet da na Saberiya, shi ya sa sunan da ke tsohon littafi zai iya saɓa wa na waya. Nauras, wato tsuntsun teku da Turawa ke kira gull, iri biyu na wannan teku, mai farin ido da mai launin hayaƙi, manyansu ba wuya: na farko bakinsa siriri ne ja mai duhu, na biyu kakkaura ne mai ɗorawa-ɗorawa da baƙar zobe da jan tsini. 'Ya'yan bana ne masu ruwan ƙasa ke sa manhajar ta kawo amsa biyu, kuma a irin wannan hali amsar farko ba lallai ita ce daidai ba.

Hanya ta uku, ganewa ta kuka, an ƙara ta a 2021, kuma ita ce aka fi yabo a Amurka da Turai. A gaɓar nan rabin amfaninta ake samu. Tsuntsayen Turai masu wucewa ta san da yawansu, amma a kaka ba sa rera waƙa, ɗan gajeren kira kawai suke yi, iska da ƙarar igiyar ruwa kuma suna cika makirufo. A cikin itatuwan shura masu tsiro cikin ruwan gishiri a bakin teku, da sassafe, inda iska ba ta kaɗawa, takan kama wani abu. Duk sunan da ta nuna ta wannan hanya a nemi tsuntsun da ido kafin a rubuta shi, gani ya kori ji. Roƙonmu kuma, kada a riƙa kunna kukan da ke cikin manhajar don a jawo su. Tsuntsun da ya kwana yana keta hamada ya sauka ne ya ci ya huta, ɗan ƙarfin da ya rage masa da shi zai tsallake teku.

Abubuwan da suka fi ɓata tafiya ba sa cikin manhajar sam, kuma wannan gibi ne da ya kamata mai shiri ya cike da kansa. Gaɓar Saudiyya yamma take kallo, don haka da safe rana tana bayan mai kallo, launi ya fito tas. Da la'asar tana cikin idonsa, komai ya zama baƙin inuwa, Merlin ma ta kasa. A Bur Sudan, da ke ɗaya gaɓar tekun, akasin haka ne. A ƙarshen Satumba rana na fitowa a Jidda wajen shida da kwata, saboda haka a yi sallar asuba a kusa da wurin, domin daga ƙarfe tara zafi yana sa iska ta riƙa rawa a saman taɓo, hoto ya daina fita. Laimar Satumba kuma tana da nata sharri: darbil da waya da suka sha sanyin mota suna fitowa gilashinsu zai yi gumi, a ɗauki minti goma ba a ganin komai. A kashe na'urar sanyi a sauke gilasan mota tun kafin a iso. Waya a rana tana zafi ta rage hasken fuska, batir ya zube, sai a tafi da abin cajin hannu a ajiye ta a inuwa.

Cikar teku da janyewarsa ma ba ta faɗa. A Jidda bambancin ɗan kaɗan ne, bai fi kamu ɗaya ba, iska ce ta fi tura ruwa ko janye shi. A Jazan da tsibiran Farasan, kimanin kilomita 700 kudu, bambancin ya fi girma, kuma lokacin da ruwa ke tasowa ne yake koro tsuntsaye zuwa gaban mutum, don haka a duba jadawalin teku daban. Ga mai kwana ɗaya daga Makka ko Jidda, tafkunan Shu'aiba sun wadatar, wurin da ya kasance tashar jiragen Makka kafin Sayyidina Usman ya mayar da ita Jidda. Sai dai a yi hattara da sabaha, wato ƙasar gishiri mai busasshen sama da laka a ƙarƙashi. Mota ko mai jan ƙafa huɗu ce tana nutsewa har ciki. A bi sawun da wasu suka bi, a tafi da mota biyu idan hali ya yi, da ruwan sha aƙalla lita uku ga kowane mutum. Kusa da tashar jiragen ruwa, matatar ruwa ko sansanin masu tsaron iyaka, a mayar da kyamara jaka, kuma iƙama ta kasance a aljihu.

Manhajar ba ta da Hausa, kuma wannan rashi ne na gaske ga dattijon da ya san balbela da shirwa da zakaran ƙeƙuwa tun yana yaro. Abin da ya fi sauƙi shi ne a riƙe ƙaramin littafin rubutu, a sa sunan da waya ta bayar, a gefensa na Larabci da na Hausa idan akwai. Wanda zai shigar da abin da ya gani a eBird, musamman ranar Asabar ta biyu a Oktoba da ake ƙidaya a duniya baki ɗaya, ya rubuta abin da ya tabbatar kawai, sauran ya haɗa da hoto masu tantancewa su duba. Idan shaho ne aka gani a zaune, kada a yaɗa ainihin wurin a Facebook ko zaurukan WhatsApp, domin kaka ita ce lokacin da masu tarko ke bin wannan gaɓa.